Rufin da Ba a Ɗaure Ba

Lahadi, 2 ga Maris

Yau yayan matata ya ci mini mutunci a gaban ikkilisiya. Na rubuta don kada in manta. Ba mantawar zan yi ba ma, amma dai.

Bayan sujada aka zauna taron sabon coci, tunda gini ya kai rufi. Shi ne shugaban kwamiti, ya sha kwat cikin wannan zafi yana zagaya mu da hotuna: tagogin gilashi masu launi, tayil har bango, da wata fitila da za a rataya a tsakiya, kamar an kife bishiya. Na miƙe na ce a rage adon nan. A sayi katako busasshe a yi rufi mai ƙwari, ni zan yi aikin kyauta, abin da ya saura a gyara ɗakunan gwaurayen da ke kwana da kwanonin tarar ruwa, don ni nake liƙe musu yoyo, na san su ɗaya bayan ɗaya.

Ya yi murmushi ya ce an riga an ba wani kamfani aikin. Sannan ya ƙara: "Ƙanena, gidan Allah muke ginawa, ba akurkin kaji ba."

Aka yi dariya, har da dattawa. Gaskiya ne kwanan nan akurki nake yi, shi ke tafiya a kasuwa. Amma ni da marigayi babana muka rufe tsohon cocin shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ko fallen kwano ɗaya bai taɓa ɗagawa ba.

Sai na ga ranar da shi ma za a yi masa dariya. Na ce sai na gani.

Laraba, 5 ga Maris

Maman yara ta ce in yi haƙuri, haka Yaya yake tun suna ƙanana. Na ce to ya girma da abinsa. Ban ci abincin rana ba, da gangan, amma ba ta ma lura ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Fasto ya yi wa'azi a kan haikalin Sulemanu, zinariya da itacen al'ul. Daga nan ya koma kan matar da ta zuba turare mai tsada, ya ce akwai masu ƙorafi a kowane zamani. Bai kalle ni ba, rashin kallon ma ya fi ciwo.

A hanya maman yara ta ce ita kam tana son cocin ya yi kyau. Duk mako tana cikin hayaƙi da wanki, me zai hana ranar Lahadi ta zauna inda idonta zai huta? Na dai ce Allah ya ji addu'armu shekara talatin a kan benci mai rawa, ban ji ya yi ƙorafi ba.

Talata, 18 ga Maris

Na bi ta wurin ginin, wai hanya ce. Ba hanya ba ce.

Na ɗaga kai na ƙirga: jerin katako ashirin da huɗu, duk an aza su a kan bango an buga ƙusa kawai. Babu langa-langa ko ɗaya, ƙarfen nan da ake binnewa a bango a naɗe katako da shi don kada iska ta ɗauke rufi. Ga gini dogo, ga bakin kwano sun fito da shi waje sosai ta gabas don ado, daidai inda hadari ke tasowa. Na tambayi wani lebura, ya ce ogansu ya ce ƙusa ta isa, a yi sauri a rufe silin kafin ranar buɗewa.

Na dawo shago ina fito. Rabon da in yi fito tun ranar taro.

Ba zan ce komai ba. Mai akurkin kaji me ya sani? Iskar farkon damina za ta yi magana a madadina. Ina so in gan shi tsaye cikin kwat ɗinsa, rufin miliyoyi yana kwance a filin ƙwallon makaranta.

Lahadi, 30 ga Maris

An rufe silin. Fari tas, da zanen furanni. Yanzu ni kaɗai na san abin da ke samansa, ni da Allah da leburan da suka tafi.

Lahadi, 6 ga Afrilu

An rataya fitilar. Jama'a sai shiga suke suna riƙe baki. Yaya ya tsaya ƙarƙashinta yana karɓar sannu da aiki kamar shi ya haife ta. Ya hango ni ya ce, "Kafinta, ya ka gani?" Na ce madalla, Yaya, abu ya yi kyau. Har da ɗan rusunawa na yi masa.

Tsofaffin bencinan kuwa an jibge su a bayan banɗaki. Na ga wanda babana ya ƙona harafin sunansa a ƙarƙashi da ƙusa mai zafi. Na ɗauko shi a ka, ban tambayi kowa ba.

Abin haushi, fitilar tana da kyau. Wannan a nan kawai zan faɗa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Maman yara ta dawo daga koyon waƙa tana ta murna. An nuna wa mawaƙa wurin zamansu a sabon coci, gefen gabas, kusa da bagade, kujeru masu laushi. Ta ce kujerarta ce ta uku daga taga, kuma ranar buɗewa da jikarmu za ta zauna a cinya.

Gefen gabas.

To ai iska ba ranar Lahadi kawai take zuwa ba. Kwana shida a mako ba kowa a ciki. Haka na yi ta gaya wa kaina ina goge katako, har na cinye gefen allon wani.

Litinin, 14 ga Afrilu

Da la'asar gari ya haɗe, iska ta taso, ba ma babba ba. Rumfar mai walda da ke kusa da shagona ta tashi ta faɗa tsakiyar titi. Da farko daɗi na ji, na leƙa ina neman hasumiyar coci. Sai na tuna yau ma akwai koyon waƙa, a cikin sabon ginin.

Ban san na iya gudu haka ba a shekaruna. Na same su suna fitowa lafiya, rufi yana nan. Maman yara tana kakkaɓe farin gari daga ɗankwalinta, ta ce abin dariya, silin ya yi ta numfashi a kansu kamar ƙirjin mai barci. Ta tambaye ni me ya kawo ni ba takalmi ɗaya. Na ce wucewa nake.

Talata, 15 ga Afrilu

Na yanke shawara. Jeri shida ne a kan mawaƙa, su zan ɗaure. Shida kawai. Sauran sha takwas, har da wanda ke kan kujerar shugaban kwamiti, can ta matse musu. Na sayo langa-langa, mai gadi ya ce zai buɗe mini da safe.

Laraba, 16 ga Afrilu

Cikin silin kamar tanda. Na huda bango, na zura ƙarfe, na naɗe, na buge, shida cif kafin rana ta take. Na zauna a kan katako ina share gumi ina kallon sauran.

Wa nake yaudara? Rufi abu ɗaya ne. In iska ta shiga ta inda ba a ɗaure ba, za ta fizge shi har da nawa shidan, ta ja bangon ya rufto a kan kujera ta uku daga taga. Babana ya koya mini wannan tun ban iya riƙe guduma ba. Na yi ta neman dabarar da rabin rufi zai tashi ya bar rabi, ban samu ba. Ko mugunta ma ba a bar mutum ya yi ta yadda yake so ba.

Ina saukowa na tarar da Yaya a gindin tsani, mai gadi ya kira shi. Ya fara da faɗa, wa ya ba ni izinin huda bango. Na nuna masa sama. Ya cire kwat ya hau. Na sa kafaɗa ƙarƙashin jeri na bakwai na ɗaga, katakon ya rabu da bango har hannu zai shiga. Ya daɗe yana kallo. Da ya yi magana muryarsa ta zama ƙarama.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin a rufe silin, Yaya."

Na jira ya zage ni, na shirya amsa tun wata guda. Sai cewa ya yi, "Ƙanwata a nan take zama." Ni ma abin da ya hana ni sukuni ke nan, amma ban gaya masa ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Kwana uku muna yi. Ya ce zai kira leburori, na ce ba na so, shi nake so ya riƙe mini tsani ya miƙo ƙusa. Ya riƙe. Na aike shi ruwa sau huɗu, sau biyu ba na jin ƙishi. Hannunsa duk ya yi kanta.

Ya ce gobe zai faɗa wa ikkilisiya komai da bakinsa, kuma zai sake kawo maganar ɗakunan gwauraye. Wannan ce ranar da na yi wata da rabi ina jira. Na ce ya faɗi ta gwaurayen, ta rufin ya bar ta a cikin silin, don in ya faɗi tasa sai an tambayi tawa.

Har yanzu ina nan a kan bakana, kuɗin fitilar nan ɓarna ne, kuma ban yafe maganar akurki ba.

Ashirin da huɗu sun ɗauru. Na kan kujerarsa langa-langa biyu na sa masa. Ragowa aka samu, ba wani abu ba.