Takardar da ta raba ni da ke, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina rubuto miki ne daga ɗakinki na Zangon Kumasi, wanda har yau na kasa sa kowa a ciki.

Kin tuna ranar da aka yi shela cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar? Kina cikin yayyafa wa goro ruwa. Kika ce, "Ni ce baƙuwar? A goye aka kawo ni garin nan." Ni dokar ba ta hau kaina ba, tunda mijina Badagombe ne, ɗan ƙasa. Ke ta hau.

Muka shiga mota zuwa Akra, ofishin jakadancin ƙasarku. Ƙasarku, Inna. Har yanzu kalmar nauyi take min a baki. Jama'a maƙil har bakin titi, kowa da ƙunshinsa. Da layi ya zo kanmu, ma'aikacin, wani dattijo mai sanyin murya, ya ga ƙafarki ta kumbura, ya tashi ya ba ki kujerarsa. Ya tambayi garinku, kika ce Zango. Bai yi dariya ba. Ya dinga bin ki a hankali har kika tuno Bebeji, da sunan ƙanen babanki mai rini.

Da ya miƙo miki takardar tafiya kika ce, "Maigidana fa? Yana kwance a maƙabartar Tafo." Dattijon ya sunkuyar da kai.

A tasha ba ki yi kuka ba. Kika ce dai kada in riƙa ja wa jikarki gashi wajen kitso.

Daga nan shiru. Layinmu ya watse, ƙofofi duk kwaɗo. Na kan dama koko in zuba naki, sai in tuna.

Bayan babbar salla na koma wurin dattijon. Ya gane ni. Ya yi alkawarin zai sa a bincika, kuma ya cika. Makon jiya amsa ta iso: kin sauka lafiya, 'ya'yan mai rini sun karɓe ki hannu biyu, kuma da ruwan farko ya sauka Allah ya karɓi abinsa.

An ce an yi miki sutura yadda ya kamata. Na gode musu. Amma hannun da bai san ki ba ne ya yi miki wanka, Inna, ni kuwa ina nan ina share ɗakinki.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata makwancinki, ya haɗa mu inda ba a korar kowa.

Taki har abada,
Salamatu