Tulun Irin Masarar Mama

El Polvo, 29 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Casimiro,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Ofelia da yara. Yaya ciwon bayan? Ka rage ɗaukar ƙarfe a wurin haƙar man nan, kai ba yaro ba ne.

Na san ka ji labarin ambaliya a rediyo. Kwantar da hankalinka, duk muna raye, har jakin nan mai taurin kai. Amma kogi ya shigo gida ranar Talata da tsakar rana, ya jiƙa gindin ɗakin ajiya, bangon ƙasa ya zube. Tulun Mama yana ciki. Sai bayan kwana shida na tono shi a fashe, irin masarar duk ya ruɓe. Gonar kuwa laka ta binne ta, ko kara ɗaya bai tsaya ba.

Casimiro, ban yi kukan ɗakin ba, masarar na yi wa kuka. Ka tuna yadda Mama take ɗaga farar ƙwaya mai shuɗin layi, ta ce irin zanen fuskar kakar kakarta ne, wadda mutanenta suke kai masara filayen ɓauna su musanyo fata da busasshen nama? Ka tuna malamin da ya ce mana ƙabilarmu ta Jumano ta ƙare tuntuni, na ruga gida na ciko aljihu da masarar na zube masa a tebur? To yau ba ni da abin zubewa.

Laifina ne, gara ka ji daga bakina. Mama ta sha ce mini kada in bar irin nan a gida ɗaya. Sau uku Nicanora 'yar Kawu Anselmo tana ƙetaro kogi daga Mulato, tana roƙon cikin tafi ɗaya, ina hana ta. Na ce za ta shuka shi kusa da rawayar masarar kanti, ta ɓata zanen. Zuwan ƙarshe har na ce mata ai ita ta zama 'yar ƙetare. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba ma haɗuwa sai a jana'iza. Abin da ya tsira daga yaƙi da fari, ga shi ya mutu a hannun marowaciya.

Ka sa ni a addu'a.

Yayarka,
Eufemia

El Polvo, 21 ga Oktoba

Casimiro ƙanena,

Ina gaishe ku duka, Allah ya sa wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na ga amsarka. Ka ce masara ce kawai. Da kana kusa da ka sha muciya. Amma zauna ka ji.

Da mai kwalekwale ya dawo aiki, na ce bari in je Mulato in yi wa Nicanora jaje, tunda ruwan bai bar su ba su ma. Ban je roƙon komai ba, me zan roƙa? Ina hawa tudun gidanta sai na hangi masara an shanya a kan rufi. Na ɗauki ɗaya da ta faɗo, na ɓare. Fara ce, da shuɗin layi. Na zauna a ƙasa da rigar cocina.

Ta fito tana goge hannu, ta ce, "A'a, yau uwar tulu ce a ƙetare? Ko ruwa ne ya kwaso ki?"

Na ce, "Nicanora, a ina kika samo wannan?"

Ta ce, "A bakin rigar aurena. Mamarku ce ta ɗinka mini ita, tunda tawa uwar ta rasu. Ƙwaya arba'in ta jera a ciki. Haka ake yi wa duk 'yar da aure zai kai nesa. Ke da kika auri ɗan maƙwabta, wa zai ɗinka miki?"

Shekara talatin da huɗu tana shuka ta, Casimiro, can cikin kwari ita kaɗai, nesa da kowace rawaya. Zanen tata ma ya fi na tawa fitowa, ko da yake ban gaya mata ba. Na ce to don me take ta zuwa roƙona?

Ta ce, "So nake in ga ranar da hannun nan naki zai buɗe. Na gaji da jira, na ce sai dai kogi ya buɗe shi."

Na yi kuka, ta yi dariya, daga baya muka yi musanya, ita kuka, ni dariya. Kunya ta kama ni sosai, amma sauƙin da na ji a ƙirjina ya fi kunyar yawa. Tun ranar ambaliya ban ci abinci da daɗi ba sai gurasar masara, tortilla ɗin da ta gasa mini a ranar.

Ta cika mini buhu, amma ta riƙe bakinsa. Ta ce kakanninmu 'yan musanya ne, ba za ta ba ni haka kawai ba. Na ce ta faɗi. Ta ce Remedios, autarta, za ta yi aure a Disamba ta tafi Chihuahua, ita Nicanora kuma idonta ya daina ganin kafar allura. Ni zan ɗinka rigar.

Na fara jiya. Na kuma kai cikin tafi gidan Melitón, da gidan Doña Chayo, da wasu gidaje uku. Doña Chayo ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi nake yi.

Ɗan ƙullin ƙyallen da za ka ji a kusurwar ambulan ɗin nan, da hannuna na ɗinke shi. Ƙwaya arba'in ce. Kai ma ka yi nisa da gida, kuma ba wanda ya ɗinka maka komai da za ka tafi. Ka shuka bayan sanyi ya wuce. Ka ce wa Ofelia idan ta zuba wa kaji ita, zan zo Odessa da ƙafata.

A gaishe mini da yara, ka gaya musu ba mu ƙare ba.

Yayarka mai ƙaunarka,
Eufemia Luján