Tsagar da Aka Goge a Hoton Sallah

Asabar, 2 ga Maris, 2024
Shekara uku ke nan ina sa kayan da Anti Rahinatu ta ɗinka ana ɗaukata hoto, kullum daga wuya zuwa ƙasa. Sha'awa ce kawai. Matan Onitsha sun san kafaɗuna, ba su san ni ba. Yau ta ce sallar bana babban allo za ta kafa a ƙofar shagonta na kasuwar Ochanja, kuma har da fuska take so. "Siddiƙa, ke na fara tunawa." Na yi kamar ban damu ba. Ƙarya nake, a kan okada ma murmushi na dinga yi ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya.

Talata, 5 ga Maris
Maigidana Talha ya yarda. Na kira shi yana mayanka a can Fatakwal, shanu sai kuka suke, ya ce in dai da mayafi ba komai. Saura Baba. Shi kam sai dai ya gani.

Laraba, 6 ga Maris
Na daɗe a gaban madubi. Tsagar nan ce, uku-uku a gefen baki, wadda wanzami ya yi mini ranar suna a Aliero. Irin ta Inna sak. A can ado ce. Da aka kawo ni nan, 'yan ajinmu suka riƙa tambayata ko da kyanwa na yi faɗa.
Ina shekara goma sha biyu Inna ta rasu. Hotunanta biyu ne dama, ruwa ya cinye su shekarar da kogi ya shigo mana gida. In na rufe ido ina neman fuskarta, muryar ce kawai ke zuwa.

Lahadi, 10 ga Maris
An yi hoton, gobe ko jibi azumi. Leshi ruwan zuma, ɗinki ya zauna. Amma sai da Anti ta cusa mini ciko a ƙugu, wai yanzu ba a yayin tsinke. Oh ni Siddiƙa. Ina yarinya aka ɗura mini kunu don in yi jiki, na girma aka ce siririya ake so, yau kuma soso ake ɗaura mini. Wai mace ta yi yaya ne?
Ebuka mai hoto ya sa na juya ya fi sau talatin. Ya ce kada in damu da fuskar, zai gyara. Ban tambaye shi me zai gyara ba.

Alhamis, 14 ga Maris
Har yanzu Ebuka bai turo hoton ba. Waya na hannuna ko a kicin.

Litinin, 18 ga Maris
Ya turo. Wallahi kyakkyawa ce. Fara sol, kumatu sumul, hanci kamar an ja da zare. Ba tsaga ko ɗaya. Abin da na yi shekaru ina so ke nan, in ba zan yi wa kaina ƙarya ba. To me ya sa na kife wayar?

Laraba, 20 ga Maris
Na kasa haƙuri, na biya kasuwar Ose wajen Baba. Yana zaune cikin buhunan albasa da carbinsa. Bayan mun gaisa na miƙa masa wayar. Ya nisanta ta da idonsa, ya duba, ya ce, "Madalla. 'Yar wace ce?"
Na yi dariya don kada in yi kuka da azumi a bakina. Sai na nuna masa wanda Anti ta ɗauka da wayarta ranar, wanda ba a taɓa ba, ina gyara mayafi na ɗan karkata kai. Ya ƙura wa hoton ido har wata mai sayen albasa ta gaji da tsayuwa ta wuce gaba.
"Hannatu," ya ce. Sunan Inna. "Haka take karkata kai in za ta yi mini faɗa."
Shekara goma sha biyar ban ji sunan nan a bakinsa ba.

Alhamis, 21 ga Maris
Ashe Inna nan take a fuskata duk shekarun nan, ni kuma ina ta shafe ta da hoda.

Asabar, 23 ga Maris
Na je shago. Na ce Anti, a mayar mini da tsagata, da kalata. Cikon ma na haƙura da shi, amma ban da fuskar. Ta ajiye almakashi ta ce, "Haba ƙanwata, kasuwa ce fa. 'Yan matan yanzu in suka ga tsaga cewa za su yi ɗinkin 'yan ƙauye ne." Ba mugunta take ba, ita ma tana da bille a gefen hanci, na sha ganin ta tana rufe shi. Na ce to a cire ni. Bakina ya riga ni, sai da na hau okada na gane abin da na yi.
Ina son allon nan. Allah ya sani ina son sa.

Juma'a, 29 ga Maris
An kafa. Mansura ce a kai, 'yar maƙwabtanmu, cikin leshina ruwan zuma. Ita ma an goge ta har uwarta sai ta duba sau biyu. Na bi ta ɗaya layin don kada in gani, sai ga ni tsaye a tsallaken titi ina kallo, kwando a hannu. Ya yi kyau. Ba zan ce bai yi ba.

Asabar, 6 ga Afrilu
Na kai wa Ebuka hoton wayar Anti ya wanke mini ƙarami, a sa a gilashi. Ya ce ko ɗan haske ya ƙara? Na ce kada ya taɓa ko ƙwayar ido. Na Baba ne, goron sallah.

Alhamis, 11 ga Afrilu
Sallah ta yi kyau, Talha ya zo. Jiya da yau duk na je gaida Baba, na kai masa tuwo da miyar taushe. Hoton yana nan a kan durowata, inda ido ke fara sauka in na farka. Zan kai masa. Ban dai samu ledar da zan sa shi ba ne.