Gawo Bakwai a Gonar Aro

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da jaririya. Ya tarin nata? Mu duk lafiya lau, sai dai na yi wata ɓarna, kuma ba ni da wanda zan iya faɗa wa sai ke.

Malaminmu na aikin gona ya raba mana dashen gawo, kowa bakwai, a cikin baƙaƙen ledoji. Ya ce gawo ba ya tare wa shuka rana, domin da damina yake zubar da ganye, ganyen ya zama taki, da rani kuma awaki su ci 'ya'yansa. Na so in nemi izinin Baba, amma kin san halina. Sau uku ina kai masa ruwa ina dawowa da maganar a bakina. Sai na ce bari in ba shi mamaki. Ranar Asabar da aka yi ruwa, na ɗauki fartanya na jera su a kan iyakar gonarmu ta gabas, inda zaizaya take cin ƙasa.

Yaya, na manta gonar ba tamu ba ce. Shekara goma sha ɗaya muna nomanta, har na daina tuna cewa aro ce daga Baba Direba. Babban ɗansa ya ga dashen, ya kai masa labari wai Baba ya fara kafa shaida, don wata rana ya ce gonar tasa ce. Jiya aka aiko cewa idan mun cire amfanin bana, mu bar musu gonarsu.

Baba bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Ya dai tambaye ni ko a makarantar an koya mana inda za mu yi shuka baɗi. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kowa yana lafiya. Na ji daɗin wasiƙarki, ko da yake kin kira ni ministar itatuwa. Inna ta ji, yanzu da shi take kirana idan za ta aike ni.

Baba ya je wurin Baba Direba ba da haƙuri tare da tela maƙwabcinmu. Tsohon ya karɓe su da mutunci, amma bai sauko ba. Ya ce a kan idonsa ƙanensa ya rasa fili saboda mangwaro ɗaya da ɗan aro ya dasa, shi kuma ba zai bar wa 'ya'yansa shari'a ba.

Washegari na tafi in tuge su. Na tarar sun yi sabon toho, kore shar. Na durƙusa a gaban na farko na kasa. A nan Baba ya same ni ina kuka. Ya ce in bar su, tugewa a ɓoye ba za ta goge abin da aka riga aka gani ba.

Na faɗa wa Malam. Sai ya tambayi aji su wa iyayensu ke noman aro. Fiye da rabi suka ɗaga hannu, kuma yawancinsu dashen yana nan a bayan ɗaki cikin leda, iyayen sun hana. Ya ce shi bai taɓa tunanin wannan ba.

Na yanke shawara zan je wurin Baba Direba da kaina. Tunda bakina ba ya buɗuwa, na rubuta abin da zan faɗa a takarda. 

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki shafa mini kan jaririya. Ki zauna sosai, labarin da tsawo.

Inna ce ta raka ni. Mun same shi a ƙofar gida a kan tsohuwar kujerar mota, yana gyara rediyo. Na buɗe takardar, ina ta jujjuya ta har ya tambaya ko fifita na zo yi masa. Na karanta dai. Na ce Baba bai san komai ba, ni ce na dasa, kuma don ƙasarsa na yi, saboda ruwa yana tafiya da ita kowace shekara. Na ce idan dashen hannunmu ne matsalar, to ya dasa da hannunsa.

Ya sa na maimaita layin ƙarshe. Ya ce shekara arba'in yana tuƙi, ba a taɓa nuna masa hanya daga kujerar baya ba sai yau.

Ranar Laraba ya zo gonar da sandarsa, ya kira manoman da muke iyaka da su don su shaida. Na haƙo dashen ɗaya bayan ɗaya da ƙasarsu, shi kuma ya mayar da kowanne cikin raminsa, yana nishi yana cewa gwiwoyinsa sun fi tayar da ta yi faci lalacewa. Ɗansa yana tsaye ya haɗe rai. Biyu sun bushe daga baya, don saiwarsu ba ta son taɓi. Da na ba Malam labari, ya ce zai kai wa masu gonakin sauran 'yan ajinmu wannan shawara.

A ranar, da Baba Direba ya gama dashen, ya karkaɗe hannu ya ce itatuwan nasa ne, kowa ya gani. Amma shi ba zai iya tsare su daga awaki ba, don haka Baba ya ci gaba da noma yana kula masa da su, har ranar da zai zo ya zauna a inuwarsu. Tela, da shi ma ya zo, ya ce masa gawo fa ba ya sauri. Ya ce ya sani, shi ma ba sauri yake yi ba.

Muka kamo hanyar gida ni da Baba. Da muka zo wurin ƙaya, ya tsaya ya fara sara, ya ce in riƙe igiya, shinge bakwai ne a gabanmu, kowane dashe da nasa.

Ki gaida maigidan.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta