Awa Biyar Daga Kano Zuwa Jidda

Karaye, 4 ga Maris, 1973

Zuwa ga ƙanena Lukumanu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu ma nan lafiya, sai dai Inna da jiki ya ƙi mata daɗi tun kaka.

Bayan haka, maigidana Alhaji Sunusi ya dawo daga aikin hajji, ya kawo mini wasiƙarka. Na sa an karanta mini sau biyu. Ka ce kana son ganin Inna, amma hanya da nisa.

Lukumanu, shekara tara ke nan kana faɗa mana haka, muna yarda, don mun san shekara biyu ka yi a hanyar Sudan kafin ka isa Jidda. Kowa ya zage ka a Rogo, ni nake tare maka. Ashe wauta nake yi. Alhaji ya ce jirginsu ya tashi daga Kano da hantsi, a Jidda suka yi la'asar. Mil dubu biyu da ɗoriya, awa biyar. Ni da damina in na kama hanyar Rogo duba Inna, mota ta kafe, nakan fi haka a hanya, kuma ban taɓa fasawa ba.

Alhaji ya kuma ga shagonka, keken ɗinki uku, kana jin ƙarar jiragen suna wucewa ta kanka kullum. Ka daina ce mana nisa. In ba ka son zuwa ne, ka faɗa, in san abin da zan gaya mata.

Ka gaida matarka, wadda ko sunanta ba mu sani ba.

Ni ce yayarka,
Zuwaira

Rogo, 19 ga Agusta, 1973

Zuwa ga Lukumanu,

Bayan gaisuwa, amsarka ta iso, tare da darduma da turare. Ka ce sai bayan hajjin baɗi, don yanzu aiki ya yi yawa. To, na ji.

Wata biyu ke nan na tare a Rogo. Inna ba ta gani yanzu, hankalinta ma zuwa yake yana dawowa. Ranar Juma'a Muntaka, ɗan maƙwabcinmu da kuka yi allo tare, ya shigo gaishe ta. Da ta ji muryarsa sai ta riƙe hannunsa ta kira sunanka, ta ce ka sha hanya, a kawo maka fura. Ya dube ni, na ɗaga masa kai, ya amsa. Ranar ta ci tuwo sosai, ta sa masa albarka mai tsawo.

Tun daga nan kullum yana zuwa bayan ya taso daga gona. Ban gyara mata ba, kuma ba zan gyara ba. In ka ga dama ka zo, amma ka sani a matsayin baƙo zan shigar da kai wurinta.

Allah ya shirye ka.

Yayarka,
Zuwaira