Wasiƙu Biyu Daga Ƙonni

Goggo mai wannan fili,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, yau kwana tara abu ɗaya nake juyawa a raina. Ki yi haƙuri da ajamina. Boko ban iya ba, kuma ban so 'yata ta rubuta mini wannan ba, za ki ga dalili.

Ni haifaffiyar Kumasi ce, fataucin goro ya kawo kakannina. Maigidana mutumin Ƙonni ne ta ƙasar Nijar, shekara ashirin da shida yana ɗinkin tamfol ɗin manyan motoci a unguwar Suame. Da dokar korar baƙi daga Ghana ta fito ƙarshen bara takardunsa ba su cika ba, ya bi ayari ya tafi gida wurin wansa, Alhaji Sanni. Ya bar ni a unguwar Buokrom da autarmu Hajaratu, wadda za ta zauna babbar jarrabawar sakandare a watan Yuni.

Cikin jarrabawar akwai takardar da ta ɗaure mini kai. Wai za a ajiye mata rubutu biyu da ba ta taɓa gani ba, ta karanta nan take, ta gwada su, ta faɗi yadda kowanne ya sarrafa magana. Mu a makarantar allo ba a wuce inda malam ya biya. Na taɓa leƙa gaba da aya biyu, ranar ban ji da daɗi ba. Don haka da farko abin ya yi mini kama da rashin kunya. Amma kullum bayan la'asar ina tsintar shinkafa tana gefena tana aikinta, har na fara saurara. Takan naɗe takarda biyu, rubutu ɗaya dama ɗaya hagu, ta tambayi kowanne: wa ke magana, da wa yake, me ya nanata, me ya tsallake. Ran nan ta haɗa tallar maganin tari da sanarwar asibiti, ta nuna mini ɗaya lallashi yake, ɗaya gargaɗi, alhali duk kan tari suke magana. Goggo, sai da na ajiye faifan. Allah ya ba yarinyar nan kunne.

To, makon jiya Moro direba ya dawo daga arewa da wasiƙu biyu daga maigida, a rana ɗaya. Ɗaya da boko, mai rubuta wa mutane wasiƙa ya rubuta, maigida ya sa hannu. Ta ce mu tattara mu taho ba da jinkiri ba. Ɗayar da ajami, hannunsa ne, na san shi ko daga nesa. Ba ta ce mu zo ba, ba ta ce mu zauna ba.

Ga laifina. Ni da bakina na ce Hajaratu ta yi musu irin aikinta. Ta naɗe takarda. Ta nuna mini ta bokon ta ambaci Alhaji sau uku, ta ambaci abin da mutane za su ce, amma ko sunanta babu, ni kuwa iyali kawai aka kira ni. Ta ajamin ta kira ni da sunan da shi kaɗai ke kirana, ta tambayi ranar jarrabawa, sannan ta ce a gyara kwanon rufin da ke yoyo daidai teburin Hajaratu kafin ruwa ya kankama. Yarinyar ta ce mai son mu taso gobe ba zai damu da rufin damina ba. Sai kuma ta ƙara, murya ƙasa-ƙasa, cewa ta ajamin ba kwanan wata, saboda haka ba za ta iya rantsewa wace ce ta ƙarshe ba.

In mun tafi, karatunta na shekara biyar ya zube, can Faransanci ake yi. In mun zauna, ina tsoron na saɓa wa mijina, na fake da basirar 'yata. Ya halatta a auna maganar uba kamar takardar jarrabawa? Moro zai koma ran Alhamis ta sama.

Taki,
Mai Tsintar Shinkafa, Buokrom

*

'Yar'uwa, wa alaikumus salam. Ajaminki ya fi nawa tsabta, da kaina na karanta.

Na farko, ki sauke wa ranki maganar laifi. Karanta wasiƙar mutum da natsuwa, har a lura da abin da ya dame shi, ba raini ba ne. Malamin da ya hana ki leƙa gaba, shi ma wata rana ya buɗe littafi ba mai biya masa, kuma don ranar nan aka yi masa horon. Hajaratu ta kai wannan ranar. Abin da ya fi burge ni ma ba maganar rufin ba ce, kwanan watan ne. Yarinyar da ta ga hujjar da ba ta yi mata daɗi ba, ta kuma faɗe ta, ta iya aikinta, kuma a wurinki ta koyi tsoron ƙari a magana.

Amma ki duba ɗaya gefen. Hajaratu na da abin da take so cikin wannan hukunci, ke ma haka. Kuma wasiƙar boko da sa hannunsa ta zo. Mutumin da aka raba da aikin shekara ashirin da shida, yana zaune a gidan wansa, yana iya son ganinku yau, yana kuma son 'yarsa ta gama. Duka biyun suna iya zama gaskiyarsa. Kada ki ɗora wa Alhaji Sanni komai kan abin da ba ki ji da kunnenki ba.

Bambancin ɗaya ne. A ɗakin jarrabawa ba a iya tambayar mai rubutu me yake nufi. Naki mai rubutun yana da rai, ga mota kuma ran Alhamis. Ki rubuta masa da ajami, da hannunki. Ki gaya masa ranar da za a gama jarrabawa da makon da za ku iya tasowa, ki yi tambaya ɗaya: mu taho yanzu, ko bayan Yuni? Ki roƙi Moro ya sa masa ita a hannu, ba a cikin taron zaure ba, don ya amsa ba tare da kunyar wansa ba. In ya ce yanzu, ki shirya, ki nemi izininsa Hajaratu ta zauna wurin danginki na nan har ta gama.

Kafin amsa ta zo, kada ki ɗaure kaya, kada ki kai maganar bakin famfo. Ki kira mai gyara ya hau kwanon nan gobe. Wannan umarnin dai da hannunsa ya rubuta, kuma ruwa ya kusa.

Allah ya ba Hajaratu sa'a, ya haɗa ku da maigida cikin alheri.

Goggo