An Ga Tumbin Jaririyar Hadiza

Zuwa ga ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Binta da yara. Yaya kasuwa, yaya sanyin Jos? Mu nan Kura sai godiya.

'Yarka Hadiza ta zo goyon ciki. Da aka yi mata hoto a asibiti, likita ta ce ba ta ga tumbin jaririn ba, a dawo bayan sati biyu. Hankalinmu ya tashi ƙwarai.

Ranar komawa ta zo daidai da ranar da ake sako wa layin gonakinmu ruwa. Ka san wanda ya rasa ranarsa sai wani satin. Na bar tumatir da ƙishi, na raka ta Kano, ita da uwarta. A waje na zauna, kunya ta hana ni shiga.

Can sai ga uwarta ta fito tana dariya: "Malam, an ga tumbin amaryarka!"

Sani, mace ce! Likita ta ce tumbin ɗan ƙarami ne, za a sake dubawa bayan haihuwa, amma mu kwantar da hankali.

Kada ku gaji da yi mana addu'a, Allah ya sauke ta lafiya. Ka gaida Binta, ku fara shirin zuwa suna.

Yayanka,
Isiyaku